Daga Injin En'e Zuwa Farantin Sola: Tarihin Wuta da Tattalinta a Yammacin Katsina

Duk wanda ke sauraron rediyo a Arewa ya saba da sanarwar masu wuta. Wata ta ban haƙuri ce, cewa layi ya faɗi ko za a yi gyara. Wata kuma ta nasiha ce: a kashe ƙwan da ba a amfani da shi, a cire dutsen guga daga soket, a sauya tsofaffin ƙwayaye da masu cin wuta kaɗan. Nasihar ba ta da aibi. Sai dai idan ta isa kunnen mutumin Ruma a ƙasar Batsari, ko na Runka a ƙasar Safana, takan zo da wani ɗan ban dariya, domin ana roƙonsa ne ya yi tattalin abin da ba kullum yake ganinsa ba, wanda kuma sau da yawa ba a auna masa shi. Tarihin yadda aka zo nan ya cancanci a bi shi daki-daki, don yana nuna cewa tattali bai taɓa zama baƙo ga mutanen karkara ba. Abin da ya yi ta ɓacewa a hanya abu biyu ne: awo, da kuma mai ba da bayani wanda ake iya gani ido da ido.

Kafin zuwan lantarki, haske abu ne da ake aunawa kamar hatsi. Kakanninmu sun kunna fitilar kasko, da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga. Almajirai kan shiga daji da yamma su yo kara da ƙirare, su hura wutar da za a kewaye a yi karatun dare. Wasan dandali da tatsuniya suna da lokacinsu na farin wata, lokacin da haske ke zuwa kyauta. Da kananzir ya shigo tare da kantunan Turawa, sai acibalbal da fitilar ƙwai suka karɓi gida. Shi ma da kwalba ake sayensa, ko rabin kwalba. Uwargida ta san kwana nawa kwalba ɗaya ke yi mata, ta san idan ta ɗaga lagwani man zai yi saurin ƙarewa, ta kuma san cewa bayan sallar isha'i fitila ɗaya ta ishi tsakar gida. Ba wanda ya yi mata shela a kan haka. Idonta na kan kwalbar, kwalbar kuwa ba ta ɓoye komai.

Lantarki ya fara sauka a Nijeriya ne a Ikko a 1896, da ƙananan injuna da ke haskaka gidan gwamna da unguwar Turawa. A Arewa kuwa, masu haƙar kuza ne suka fara jawo shi da ƙarfi: a 1929 aka kafa kamfanin NESCO don samar da wuta daga faɗuwar ruwan Kurra a ƙasar Jos. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wancan zamani ba gwamnatin Turawa kaɗai ke da gidan wuta ba. Akwai garuruwa huɗu da hukumar gargajiya, wato En'e, ta mallaki nata: Ibadan, da Abeokuta, da Kano, da Katsina. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, birnin Katsina ya samu injin wutarsa. Dikko sarki ne mai son sabon abu idan ya ga amfaninsa. Ya je Ingila tun 1921, a zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, kuma masarautarsa na cikin na farko da aka tsara wa Baitulmali.

Wannan injin na En'e shi ne abu mafi kusa da hukumar wuta ta gari da ƙasar Katsina ta taɓa mallaka. Kuɗinsa daga Baitulmali suke fita, Baitulmali kuwa harajin talakawa da jangalin Fulani ke cika ta. Ke nan manomin Ruma da makiyayin dajin Rugu sun sa hannu a sayen injin da haskensa bai wuce birni ba. Wannan rashin adalci ne da bai kamata a rufe shi ba. Amma tsarin yana da wani abu guda da aka rasa daga baya: mai injin yana cikin gari. Idan wuta ta ɗauke, an san ƙofar da za a je. Hanyar isar da magana ma a shimfiɗe take, daga fada zuwa hakimi, daga Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana zuwa dagatai da masu unguwanni, har ta kai ga mai shela a kasuwa. Da ita ake sanar da haraji da allurar shanu da zuwan baƙi, kuma saƙo kan isa.

Daga nan sai mallakar wuta ta fara yin nisa. A 1950 aka yi dokar da ta kafa hukumar ECN, wadda ta fara aiki a 1951, ta haɗe gidajen wutar gwamnati da na En'e a ƙarƙashin ofis ɗaya a Ikko. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, wadda ta gina madatsar Kainji, aka kammala ta a 1968 bayan an tashi dubban mutane daga tsohuwar Busa da ƙauyukan bakin kogi. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu, aka haifi NEPA. Ta fuskar injiniya wannan ci gaba ne babba. Ƙaramin injin dizal na gari ɗaya ba zai yi gogayya da Kainji mai ƙarfin megawat 760 ba, balle da aka ƙaro Jebba a 1985 da Shiroro a 1990. Amma ga mai amfani da wuta, wanda zai yi wa ƙorafi ya tashi daga ƙofar fada ya koma wata hedikwata da ba zai taɓa takawa ba.

Yana da kyau mai karatu ya san hanyar da wutar ke bi kafin ta iso. Daga madatsa takan hau manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000, ta bi ta Kaduna ta sauka a Kumbotso ta Kano. A can ake rage ta zuwa 132,000, ta nufo Kankiya da Katsina. Daga irin waɗannan tashoshi ne layukan bolt 33,000 ke fita su ratsa gonaki da daji zuwa garuruwan karkara, inda taransifoma ke sake sauke ta zuwa abin da ƙwan ɗaki zai iya ɗauka. Garuruwa kamar Batsari da Safana suna can wajen wutsiyar wannan doguwar igiya. Duk abin da ya taɓa ta a hanya, iskar farkon damina ce ta kayar da falwaya, ko gara ta cinye turken katako, ko ɓarayi suka kwashe waya, su ne na farko da za su shiga duhu, kuma su ne na ƙarshe da gyara zai iso wa. Idan wutar ta yi ƙaranci a ƙasa baki ɗaya, layin karkara ake fara saukewa, domin kuɗin da ke shigowa daga gare shi ba su kai na birni ba.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin miƙa igiyar. A 1981 gwamnatin Shehu Shagari ta fito da shirin kai wuta karkara, da burin haɗa kowace hedikwatar ƙaramar hukuma da babban layin ƙasa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI don hanyoyi da ruwa da wutar ƙauyuka. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba 1987, ita ma ta yi tata hukumar wutar karkara. Tsarin da aka saba shi ne gwamnati ta kafa turaku, ta ja waya, ta dasa taransifoma, a yi bikin buɗewa, sannan a miƙa wa masu rarraba wuta. Daga ranar, kayan sun zama marayu. Wanda ya saya ya gama nasa, wanda aka miƙa wa bai sa kuɗinsa a ciki ba. Shi ya sa a garuruwa da yawa na Arewa, idan taransifoma ta ƙone, mutanen unguwa ne ke yin karo-karo, ko su jira ɗan siyasa a shekarar zaɓe.

Akwai wani layi da ya kamata a ambata a nan. Daga Katsina, waya mai ƙarfin bolt 132,000 tana tsallaka iyaka zuwa Gazawa a Jamhuriyar Nijar, ta ciyar da Maraɗi da Damagaram. Yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu, kuma tana da dalilinta, tun da kogin da ke juya injunan Kainji ta Nijar yake biyowa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, ba a mayar ba sai a Maris 2024. 'Yan'uwanmu na Katsinar Maraɗi suka ɗanɗana abin da ƙauyukan wannan ɓangare suka daɗe da sani: makunnin wutarka yana hannun wanda bai san sunan garinku ba.

Maganar tattalin lantarki a hukumance ta zo a makare. An yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa a 1979, aka kuma buɗe cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato a farkon shekarun 1980, inda aka yi ta gwajin murhu mai cin itace kaɗan da na'urorin hasken rana. Shirin da ya fi yin amo shi ne na ƙarshen shekarun 2000, lokacin da Nijeriya da Kyuba da ƙungiyar ECOWAS suka haɗa hannu don sauya ƙwayayen fitila miliyan ɗaya da masu cin wuta kaɗan, irin farare masu lanƙwasa ɗin nan. Hikimar a fili take. Tsohon ƙwai mai jan haske yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa zafi, shi ya sa masu kiwon kaji ke ɗumama 'yan tsaki da shi. Ƙwai mai wat 60 da ke ci awa biyar kullum zai sha yunit 9 a wata. Na zamani, wato LED, mai wat 9, zai ba da haske daidai da shi, ya sha ƙasa da yunit ɗaya da rabi.

To amma lissafin nan yana aiki ne ga mai mita. Shekara da shekaru, mafi yawan gidajen karkara bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu, wani lokaci ma a yanka wa gari ko unguwa kuɗi a dunƙule, su raba a tsakaninsu. A irin wannan tsari, wanda ya kashe ƙwansa da rana da wanda ya bar shi yana ci har azahar abu ɗaya za su biya. Wanda ya sayi ƙwai mai tsada don ya rage cin wuta bai ga ragin ko kwabo ba. Har ma wata ɗabi'a ta samu: a bar makunni a kunne dare da rana, don ƙwan ya zama shi ne mai shelar cewa an kawo wuta. Masu sanarwa suna ganin wannan almubazzaranci ne. A gaskiya amsa ce mai ma'ana ga tsarin da bai auna ba, bai kuma faɗi lokacin zuwa ba. Jikar matar da ke lissafin kwalbar kananzir ba ta manta tattali ba. Kwalbar aka ɗauke daga gabanta.

Gyaran da aka yi wa harkar wuta a wannan ƙarni ya yi alkawarin dawo da awo. Dokar 2005 ta rushe NEPA, ta kawo PHCN a matsayin riƙon ƙwarya, ta kafa hukumar sa ido ta NERC da hukumar wutar karkara ta REA. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Katsina ta faɗa ƙarƙashin KEDCO tare da Kano da Jigawa. An yi shirye-shiryen raba mita, ciki har da na gwamnatin tarayya na 2020. A shekarar ne kuma aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit ɗaya. Tsarin ya fito da gaskiyar da a da ake ɓoyewa, cewa wuta tana bin inda kuɗi suke. Kamfanin da ke neman riba zai fi kula da layin masana'antun Sharaɗa da Bompai a kan layin da ya ratsa daji ya ƙare a garin manoma.

Ita kanta mitar kati tana da labarin da ya shafi sana'armu ta masu rubuta manhaja. An tsara ta ne a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. Lambobi 20 ɗin da ake saya ana dannawa suna ɗauke da wani ɓoyayyen agogo, wanda ke ƙirga mintoci tun daga ranar 1 ga Janairu 1993, don kada a yi amfani da kati ɗaya sau biyu. Gurbin da aka ware wa wannan ƙidaya ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato shekara 31 da kusan wata goma sha ɗaya. Ranar cikarsa ita ce 24 ga Nuwamba 2024. Duk mitar da ba a sabunta ba kafin lokacin tana iya ƙin karɓar sabon kati. Maganin mai sauƙi ne, a danna wasu lambobi na musamman kashi biyu, agogon ya koma ƙirga daga 2014. Wahalar ita ce isar da wannan bayani ga miliyoyin mutane. Kamfanoni sun yi ta sanarwa a Facebook da X da shafukansu na intanet, galibi da Turanci. A sana'armu akwai ƙa'idar da kowa ya yarda da ita: saƙon da aka aika amma ba a tabbatar ya isa ba, daidai yake da wanda ba a aika ba.

Batsari da Safana sun san ma'anar wannan fiye da kowa. A ƙarshen Agustan 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka tare da wasu matakai. A Satumba aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Sai a Disamba aka fara maido da sadarwa. Ko mutum ya goyi bayan matakan ko bai goya ba, sun tona yadda rayuwa take a zahiri. Hana fetur a jarka ya taɓa mai janareta, da mai injin markaɗe, da mai ban ruwa a fadama. Hana cajin waya kuwa shaida ce daga bakin hukuma cewa ainihin kamfanin wutar ƙauye shi ne saurayin nan mai rumfa da ƙaramin janareta da soket hamsin a jikin allo. A watannin nan, duk sanarwar da aka wallafa a intanet ba ta da hanyar shiga waɗannan garuruwa. Rediyo ce kawai ta rage, da bakin direbobin da suka dawo daga birni.

Bayan shekara uku sai duhun ya game Arewa. A Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa a yankin da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga, sai layin da ke kawo ɗauki ta Inugu da Makurɗi shi ma ya faɗi a ranar 21 ga wata. Kano da Katsina da sauran jihohi suka shafe sama da mako guda ba wuta. Masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa suka tafka asara, asibitoci suka koma kan dizal a lokacin da cire tallafin mai na Mayun 2023 ya riga ya ninka farashin fetur. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Birni ya ga irin rayuwar da wutsiyar layi ta daɗe tana yi.

Ana cikin wannan duka, wani sauyi ya shigo ba tare da bikin buɗewa ba. Da farko tocila mai ƙwan LED da batir ta kori acibalbal, musamman da kananzir ya yi tsadar da talaka ba zai iya ba. Sannan farantin sola ya yi araha, ya hau rufin shaguna da masallatai da rijiyoyin burtsatse. Ƙasar Katsina na cikin wuraren da suka fi samun rana a Nijeriya, kuma faranti ba ya buƙatar waya ta ratsa daji. Abin lura shi ne yadda mai sola ke sarrafa wutarsa. Ya san ƙwai nawa batirinsa ke ɗauka, yana kashe fanka idan ya ga alamar caji ta yi ƙasa, yana goge ƙurar hunturu daga farantin, ba ya haɗa dutsen guga ko da wasa. Ba wata hukuma da ta koya masa. Batirin ya zame masa kwalbar kananzir, yana ganin abin da ya rage da idonsa, sai tsohuwar tarbiyya ta dawo da kanta.

Doka ma ta juyo. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samarwa da rarraba wuta a cikin iyakokinsu, a Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Tun 2016 akwai ƙa'idojin da suka halatta ƙananan tashoshi masu ciyar da gari ɗaya ko kasuwa ɗaya. Bayan shekara saba'in da 'yan kai da karɓe injin En'e, ƙofa ta sake buɗewa ga wutar da mai ita ke zaune kusa. Wannan karon ba dole ne ta tsaya a birni ba, domin tashar sola da batir za ta iya zama a Wagini ko a Zakka kamar yadda za ta zauna a Ƙofar Soro.

Sai dai kusanci kaɗai ba ya wadatarwa, kuma tarihin nan ya nuna sharuɗɗan. Duk wanda zai sayar wa mutanen Batsari da Safana wuta, gwamnati ce ko kamfani ko ƙungiyar gari, ya fara da mita a kowane gida da kowace taransifoma, don wanda ya rage ci ya ga ragi a aljihunsa. Ya fitar da jadawalin awannin wuta da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar hakimi, a faɗa a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, yadda mai niƙa zai san lokacin da zai tara masu hatsi, mai walda ya san lokacin da zai karɓi aiki. Idan layi ya faɗi, a faɗi inda ya faɗi da ranar da ake sa ran gyara, idan ranar ta wuce a dawo a faɗi dalili. A kuma rubuta tun ranar dasa taransifoma wanda gyaranta ke wuyansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen da suka raba kwalbar kananzir ɗaya ga dare bakwai ba sa buƙatar darasi a kan kashe fitila. A auna musu, a gaya musu gaskiyar lokaci, sauran aikin sun iya shi tun kafin a kafa turken farko.